Wai su Cassie talakawa ne?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Na lura a zauren nan in ba 'yan gaban goshi ne suka yi rubutu ba, ko kallo ba a yi. To ga nawa. Na gama littafin Roll of Thunder, Hear My Cry na Mildred D. Taylor, labarin wata yarinya baƙar fata, Cassie Logan, da danginta a Amurka, kuma ƙarshensa bai gamsar da ni ba. Baban Cassie ya cinna wa audugarsa wuta don fararen fata su fasa rataye T.J., wani yaro baƙar fata abokin yayan Cassie, su ruga kashe gobara. To sai me? Ai duk da haka an tafi da yaron gidan yari. An ƙona guzurin talakawa a banza.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Hajiya, su wane ne talakawan? Gidan Logan eka 400 gare su a Mississippi, a 1933 fa. Kakansu ya sayi 200 a 1887, ya ƙara 200 a 1918. Talaka shi ne mahaifin T.J., mai noma a gonar Granger, wani attajiri farar fata, a raba amfani.

Ummi: Yaya Habu, rabin gonar na jingine a banki, ga haraji. In masu hali ne, me ya kai uban Louisiana aikin layin dogo ya bar 'ya'ya huɗu wata da watanni?

Malam Habu: Bashi daban, talauci daban, ƙanwata. Uwarsu malamar makaranta ce. Baffansu Hammer da mota Packard ya zo daga Chicago, irin ta Granger sak.

Ummi: Motar da ya sayar da banki ya taso su? Malamar da aka kora daga aiki? Ka ƙarasa labarin mana.

Ɗan Baba: Ni dai na san kowane baƙar fata a lokacin talaka ne. Na taɓa gani a Facebook.

Malam Habu: Kai ka karanta littafin kuwa?

Ɗan Baba: Na kalli fim ɗin.

Ummi: Allah ya shirye ka. Amma dai ya fi wasu gaskiya. Mai kuɗi ne za a miƙa wa ɗansa littafin da yaran fararen fata suka gama yagalgalawa, da shaidar launin fata rubuce a ciki? Ko motar makarantar da ke watsa musu laka suna tafe a ƙasa?

Malam Habu: Wannan wulaƙanci ne, ba rashi ba. Gonar ce ma ta ba su bakin ƙaurace wa shagon Wallace, na fararen fata masu zaluntar baƙaƙe, su koma sayayya garin Vicksburg. Ke dai Ummi, tunda Hajiya surukarki ce, ko ta ce rana daga yamma take fitowa za ki ce haka ne.

Ummi: A'a, kar ka sako min gida a nan. Mun taɓa ambatar abokanka da ke tafa maka?

Ɗan Baba: Ni ba abokin kowa ba ne.

Maman Ilham: Ikon Allah. Ni gobara na tambaya.

Shugaban zaure: To, jama'a, a tsaya haka. A taƙaice, kusan kowa ya yarda gidan Logan ba talakawa ba ne, kamar yadda Malam Habu ya kawo hujja da shekaru da lissafi. Sauran bayanan na tausayi ne, muna girmama su. Ummi, a riƙa sassauta harshe ga manya. An rufe sharhi.