Neman shawara: ta ina zan fara da tsofaffin sulallan Ingila?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Gwangwani guda na tsofaffin kuɗin Ingila ya zo hannuna, sulalla da sisi da manyan kwabbai, galibinsu sun yi baƙi. Ina so in fara tarawa da tsari. Yaya zan rarrabe su, kuma da me zan wanke su su yi haske?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Don Allah ɗan'uwa kada ka wanke. Toka, lemon tsami da man goge ƙarfe duk suna cinye saman kuɗin, su bar ƙananan karce da mai saye zai gani da kallo ɗaya, farashi ya faɗi. Baƙin nan masu tarawa suna son sa. In ƙasa ce ta manne, jiƙa shi a ruwa mai tsabta, ka dangwala da ƙyalle mai laushi har ya bushe, ban da gogawa. Ta gefe ake riƙewa, domin gumin yatsa yana barin tabo a tagulla. Ka guji leda mai laushi ta PVC, da zafi take fitar da wani kore mai danƙo. Ƙaramin ambulan na takarda ya fi, kowane da nasa.

Amsa ta biyu: Malam, fara da shekara. Sule, sisi da fataka (sule biyu) na 1919 zuwa baya azurfa ce kashi 92.5 cikin ɗari. Daga 1920 zuwa 1946 aka rage ta zuwa rabi, daga 1947 kuwa babu azurfa sam, jan ƙarfe ne da nikel. Maganaɗisu ba zai raba maka su ba, don duk ba sa kamuwa. Nemi sikelin maƙeran zinariya: sule giram 5.65 ne, fataka 11.3. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu, amma in gibin ya yi yawa ka yi shakka.

A kwabban 1912, 1918 da 1919 duba hagu da shekarar da gilashin ƙara girma. In ka ga H, ko KN a na 1918 da 1919, ba a Royal Mint, gidan buga kuɗin gwamnatin Ingila, aka buga su ba, wasu kamfanoni ne a Birmingham, kuma sun fi sauran daraja. Wanda ya tallata maka kwabon 1933 kuwa, rabu da shi. Na gaskiyan da aka sani ba su kai goma ba, mayaudara lambar ƙarshe suke sassaƙewa.

Amsa ta uku: Ni a ganina zanen ne daɗin abin. A al'ada sarki yakan juya fuska saɓanin wanda ya gada: George VI hagu, Elizabeth II dama, Charles III hagu. Ita Elizabeth hotonta biyar ne, na 1953, 1968, 1985, 1998 da 2015. A na farkon, aikin Mary Gillick, ganye ne a kanta ba kambi ba. Haɗa biyar ɗin nan mafari ne mai kyau, kuma ba tsada. A 1937 aka sa jirgin ruwa a bayan rabin kwabo, ƙaramin tsuntsu a kwatan kwabo, aka kuma fito da taro (kwabo uku) mai kusurwa 12. Duk wannan lissafin fam mai kwabo 240 ya ƙare ran 15 ga Fabrairu 1971.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Akwai wani mai huji a tsakiya, an rubuta Edward VIII, 1936. Shi fa?

Amsa ta biyu: Wannan namu ne, Malam, na Afirka ta Yamma ƙarƙashin Ingila. Za ka ga rubutun Larabci a fuskarsa da tauraro mai tsini shida a baya. Edward ya yi murabus a Disamba 1936 kafin kuɗinsa su fita a Ingila, amma a nan an riga an buga da sunansa tunda babu hoto a jiki. An buga su da yawa, don haka ba su da tsada. Ware masa ambulan daban da na Ingila.