Indulgence: wace kalma za mu sa mata?

Malama Ladi: Jama'a, ina shirya wa ɗalibai darasin rabuwar Katolika da Furotesta, kalmar indulgence ta tsaya mini a wuya. Ita ce fa silar rigimar. A 1517 wani fada, Johann Tetzel, yana bin garuruwan Jamus yana sayar da takardunta. Wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma, wani kuma Akbishop Albrecht na Mainz ke biyan bashin da ya ci a hannun attajiran gidan Fugger. Abin da ya tunzura Martin Luther, wanda ya zama jagoran Furotesta, ke nan ya rubuta batutuwansa 95 na suka a garin Wittenberg. Na sa "takardar gafara". Ta yi?

Baba Katikis: 'Yata, ba ta yi ba. A koyarwarmu gafara tana zuwa ne bayan mutum ya tuba ya furta zunubinsa gaban fada. To ko an gafarta, akwai sauran horo da zai sha, ko nan duniya ko a wurin tsarkakewa bayan mutuwa. Wannan horon ake ragewa. In kika rubuta gafara, yara za su tashi da cewa mun ce Allah na sayar da gafara.

Ɗan Zariya: Baba, kaffara fa?

Baba Katikis: Kaffara aiki ce da kai za ka yi, azumi ko ciyarwa. Wannan kuwa ragi ake yi maka.

Ɗan Zariya: To ai shi ke nan, rangwame! Tunda dai har da akwatin kuɗi. Luther da kansa, a batu na 27, ya soki masu wa'azin cewa da zarar kwabo ya yi ƙara a akwati, rai ya fice daga wurin tsarkakewa.

Malama Ladi: Rangwame ta burge ni, amma warin kasuwa take yi. Ta dace da cinikin Tetzel, sai dai in na sa ta na riga na yanke hukunci kafin ɗalibi ya ji ɗaya ɓangaren. Kuma Paparoma Pius na biyar ya haramta haɗa abin da kuɗi tun 1567, bayan babban taron shugabannin Katolika a garin Trent, alhali koyarwar tana nan har gobe. Afuwa kuma ta gwamna ce ga fursuna, ita sakin gaba ɗaya take nufi.

Baba Katikis: Ki gwada sassauci. Alƙali ma yakan yi wa mai laifi sassauci, ba wanda ke cewa an saya.

Malama Ladi: Madalla, Baba. Koyarwar zan kira ta "sassaucin horo", abin da Tetzel ke talla kuma "takardar sassauci". Ɗan Zariya, ka yi haƙuri, rangwamenka zai shiga inda nake kawo zargin Luther kaɗai.