Abin da masu gyaran kwamfuta a Abuja suka ce kan zaɓen fawa fak

Da muka zauna da wasu masu gyara a Wuse 2, duk bakinsu ya zo ɗaya: kafin ka tambayi wat nawa ne ƙarfin fawa fak, wato na'urar da ke ba sassan kwamfuta wuta, buɗe akwatin kwamfutar ka duba soket ɗin madabod, babban allon da ake jona sauran sassa a kai. Na tsarin ATX, wato tsarin gama-gari, yana karɓar filogi mai fil 24, ga wani mai fil 4 ko 8 kusa da furosesa. Amma yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP soket nasu na kansu ne, wani mai fil 6 ko 8, don haka fawa fak na gama-gari ba zai shiga ba. Kada a tura shi da ƙarfi.

Sun daɗe suna magana a kan kayan tokumbo, kuma a ganina nan ne haɗarin yake. Tsofaffin fawa fak suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya zo daga Amurka sau da yawa yana kan 115, wutarmu kuwa 230 ce. Ka jona shi a haka, sai ƙara da hayaƙi.

A kan wat an ɗan yi gardama. Mafi rinjaye suka ce a haɗa abin da furosesa da katin girafik ke ci, a bar rara, a nemi mai tambarin 80 Plus, alamar cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa. Wayoyin fawa fak da ake iya cirewa kuma kada a haɗa na wani kamfani da na wani, ko da bakinsu ya shiga. Mai aiki da janareta ya sa UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, tsakanin janaretan da kwamfutar.