Gyaran kan hanci mai faɗi: abin da aka fi jaddadawa a wata tattaunawa

A wata tattaunawa a kan tiyatar rage faɗin kan hanci, waɗanda aka yi wa aikin da masu niyyar yi sun fi daɗewa a kan maganar kumburi. Abin kariyar da ake ɗora wa hanci ana cire shi ne bayan kamar mako guda, amma kan hancin shi ne na ƙarshe wajen saɓewa. Yakan kai shekara, mai kaurin fata kuwa ya fi haka. Wata ta ce a wata na uku hancinta ya fi na da girma, har ta daina duba madubi.

Fatar ce ke da hukunci. Likita yana rage guringuntsin kan hanci ne ko ya ɗinke shi ya tsuke, wani lokaci ya tokare shi da guringuntsin da ya ciro daga bangon tsakiyar hanci. In fata ta yi kauri, ba za ta nuna siririn aikin da ke ƙarƙashinta ba. Shi ya sa aka ce a nemi ganin hotunan masu irin hancinka da fatarka, ba na Turawa ba. Wannan ce shawarar da ta fi nauyi a ganina, musamman ga masu tafiya Istanbul saboda arha.

In aka yanke guringuntsi da yawa, ƙofofin hanci kan rufta, numfashi ya yi wuya. Mai shan sigari ya daina tun kafin aiki. Allurar cike fata ƙara girma take yi, ba ta rage faɗi. Wanda bai gamsu ba kuma, likitoci sukan sa ya jira shekara kafin a sake taɓa hancin.