Ƙaramar bishiyar ok a lambu da dashen tsofaffin irin tuffa a Ingila

Mai Lambu a Sheffield

Assalamu alaikum. Na karɓi hayar ɗan fegin noma daga ƙaramar hukuma, kuma niyyata ita ce in dasa tuffa irin na da, wanda ba a cika gani a kantuna ba. Sai dai a kusurwar da na ware na tarar da wata bishiya da tsawonta bai wuce gwiwa ba, ganyenta mai lanƙwashe-lanƙwashe a gefe, maƙwabcina kuma ya ce ok ce, wato babbar bishiyar da Turawa ke kira oak. Ina neman wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya faɗa mini yadda zan gane ko 'yar ƙasa ce, da kuma ko za ta iya zama wuri ɗaya da tuffa.

Dattijon Bangor

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ok iri biyu ne kawai 'yan asalin Birtaniya, kuma na koyi bambanta su ne a yawon da nake yi cikin dazuzzukan arewacin Wales. Ta farko, wadda masana ke kira Quercus robur, karan ganyenta gajere ne ƙwarai, bai kai santimita 1 ba, a gindin ganyen kuma akwai 'yan kunnuwa biyu da suka lanƙwaso baya, amma ƙwallayenta suna rataye ne a dogon kara. Ta biyu, Quercus petraea, akasin haka take: karan ganyen ya kan kai santimita 1 zuwa 2, ganyen yana tsukewa a hankali har ya haɗu da karan, ƙwallayen kuma a manne suke da reshe. Idan ka juya ganyenta ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga 'yan gashi a gefen babbar jijiya. Ita ce ta fi yawa a nan yamma da wuraren tuddai, ta farkon kuwa ta fi son ƙasa mai yumɓu ta kwari.

Ina ba ka shawara kada ka yi saurin yanke hukunci. Ganyen ƙaramar bishiya bai cika nuna kamannin iyayensa sosai ba, irin biyun suna barbarar juna su haifi ruwa-biyu, ƙwallon da zai raba gardama kuma ba ya zuwa sai bishiyar ta yi shekara kusan 40. Abin da za ka iya tabbatarwa tun yanzu shi ne ko baƙuwa ce. Ok ɗin Turkiyya, wadda aka shigo da ita a ƙarni na 18, tana da wasu zare-zare masu tsawo kewaye da tohonta, ganyenta kuma kaushi gare shi idan ka shafa.

Maman 'Yan Biyu, Leicester

Malam, ni ma na sami irinta a gindin shingen gidanmu, kuma ba wanda ya shuka ta: kurege da wani tsuntsu dangin hankaka ne ke binne ƙwallayen a kaka, wasu su tsira. Amsar tambayarka ta biyu ita ce ba za su zauna tare ba. Ok tana iya wuce mita 20, inuwarta za ta rufe tuffa, kuma yawancin hukumomin da ke ba da hayar fegi ba sa yarda da manyan itatuwa. Na tone tawa a hunturu bayan ganye ya zube, na haƙa da zurfi domin uwar saiwarta ta kan yi ƙasa sosai fiye da yadda tsawon bishiyar ke nunawa, na sa ta a tukunya mai zurfi, daga baya na ba wasu masu dashen itatuwa na sa-kai a unguwarmu. Idan ka ga farin abu kamar gari a sabon ganyenta da rani, fumfuna ce da ta saba kama ƙananan ok, kada ya tayar maka da hankali.

Ɗan Zazzau a Nottingham

Zan yi magana a kan tuffa, domin a nan na fi daɗewa. Abu na farko shi ne tsohon iri ba ya fitowa daga ƙwaya. Idan ka shuka ƙwayar tuffa, bishiyar da za ta fito wata daban ce, don haka sai ta hanyar aure, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro a gida. Na je garin Southwell da ke kusa da mu na ga asalin bishiyar tuffar da ake kira Bramley, wadda wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka daga ƙwaya a 1809, sannan wani mai renon dashe, Henry Merryweather, ya fara yankar rassanta a 1856 yana aurarwa. Duk Bramley da ke duniya reshen wannan bishiya guda ce, kuma tsayawa a gabanta ya taɓa zuciyata, ko da yake cutar saiwa ta ci ƙarfinta.

Gindin da aka aura reshen a kai shi ke ƙayyade girman bishiya. A fegin haya irin gindin da ake kira M9 ko M26 ya dace. M9 ba ya cika wuce mita 2 da rabi, yana saurin haihuwa, amma saiwarsa ba ta da ƙarfi, sai an kafa masa turke har ƙarshen rayuwarsa. MM106 ya kan kai mita 3 zuwa 4, shi na dasa a bayan gidana. Sayi dashe mai tsirarar saiwa tsakanin Nuwamba da Maris, kuma ka tabbata mahaɗar auren tana saman ƙasa, domin idan ka binne ta reshen zai yi tasa saiwar, amfanin gindin ya tafi.

Bramley kuma ba ta iya ba wata bishiya ƙurar fure mai amfani, saboda haka wanda ya dasa ta yana bukatar wasu iri biyu da ke fure lokaci ɗaya da ita.

Hajiya daga Bristol

Ina da ɗan bambancin ra'ayi da kai, Malam na Nottingham. Bramley bishiya ce mai ƙarfin girma ko da a kan ƙaramin gindi, tuffar dafuwa ce mai tsami, kuma ana samunta a kowane kanti, don haka ban ga dalilin da mai ƙaramin wuri zai ba ta fili ba. Cox's Orange Pippin ma, duk da daɗinta, ta wahalar da ni da gyambon reshe da tabon ganye saboda damshin da muke da shi a yamma, kuma ina jin a Sheffield sanyi zai ƙara mata.

Wadda ta faranta mini rai ita ce Ashmead's Kernel, tsohon iri daga Gloucester tun wajen 1700. Ba ta da kyan gani, fatarta ruwan ƙasa-ƙasa ce mai kaushi, kuma idan ka ci ta ranar da ka tsinka a Oktoba tsaminta zai sa ka runtse ido. Na kan jera su a akwatin katako a rumfar ajiya mai sanyi, ba tare da suna taɓa juna ba, sai a Disamba tsamin ya kwanta, zaƙi da ƙamshi su fito. Egremont Russet ta fi ta sauƙin hali, tana haihuwa akai-akai, kuma ita nake fara ba sabon mai dashe shawara a kai.

Dattijon Bangor

Hajiya ta yi gaskiya game da damshi. Abin da zan ƙara, ƙanena, shi ne ka zaga fegin maƙwabta tukuna, domin ƙudan zuma ba su san iyakar fegi ba, kuma idan akwai tuffa kusa da kai wataƙila matsalar barbara ta riga ta warware. A Oktoba ana bukukuwan Ranar Tuffa, wadda ƙungiyar Common Ground ta fara a 1990, inda ake ɗanɗana iri-iri, masana kuma su gano wa mutum sunan tsohuwar bishiyarsa idan ya kai 'ya'ya uku da ɗan reshe mai ganye. A Brogdale da ke Kent akwai tarin irin tuffa fiye da 2,000. Ka ɗanɗana kafin ka saya, sannan ka tambayi gidan renon dashe na kusa da kai irin da aka daɗe ana nomawa a yankinku na Yorkshire.