Kulakin motsa jiki irin na Indiya da Iran: wane iri zan saya, kuma ina zan samu a Kumasi?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son fara atisaye da kulakin katakon nan da 'yan kokawar Indiya da Iran suke wulwulawa ta bayan kafaɗa. Ban gan su a shagunan kayan wasanni ba. In yi odarsu daga waje ne, ko in kai wa kafinta? Kuma kilo nawa ya dace da mai farawa? Ina ɗaga ƙarfe, don haka ina tunanin kilo 5 kowane hannu.

Mai Horo Asawase:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara cire kilo 5 ɗin nan daga ranka. Nauyin kulki yana can ƙarshe, nesa da hannu, idan ka wulwula shi kuma gudun yana ƙara masa ja. Wanda yake ɗaga kilo 20 da hannu ɗaya zai iya jin kilo 2 ya gagare shi a zagaye na ashirin. Tsoka kan jure, amma jijiyoyin gwiwar hannu da na wuyan hannu ba sa saurin sabawa, su ne ke fara ciwo.

Abin iri uku ne, kada ka haɗa su. Akwai ƙananan da sojojin Ingila suka ɗauko daga Indiya a ƙarni na 19, har aka yi gasarsu a Olamfik a 1904 da 1932. Siffarsu kamar doguwar kwalba, nauyi daga rabin kilo zuwa kilo 1 kowane, tsawo santimita 40 zuwa 50. Aikinsu sakin kafaɗa da daidaita hannu biyu. Akwai mil na Iran, wanda ake amfani da shi a gidajen zurkane, wato gidajen atisayen gargajiya na can, da ɗan'uwansa mugdar na Indiya: manya ne, gindi mai faɗi, gajeren mariƙi, ana kai su bayan kai ɗaya bayan ɗaya. Na uku gada ne, doguwar sanda mai dunƙule a kai, hannu biyu ake sa mata.

Shawarata: ƙanana biyu, gram 500 zuwa 700 kowane. Ka yi wata biyu ko uku da su kafin ka nemi mil mai kilo 2 ko 3. Wajen tsawo, ka riƙe shi ka saki hannu ƙasa. In ya taɓa ƙasa ya yi maka tsawo.

Kafintan Sokoban:
Malam, ba sai ka yi oda ba. Duk mai injin juya katako da ke yin ƙafar tebur ko ta gado a Sokoban, unguwar masu katako ta Kumasi, zai iya yi maka. Masu sassaƙa da hannu na Ahwiaa, kusa da Kumasi, gwanaye ne, amma wannan aikin na inji ne, domin da wuya hannu ya fitar da biyu iri ɗaya sak.

Zaɓen katako shi ne rabin aikin. Odum ko tik ko mahogani ka nema. Katakon da ake kira wawa ba shi da nauyi, kusan rabin odum ne da ɗan ɗori, yana lotsawa da zarar kulakin sun bugi juna, ƙwari kuma suna son shi. Mafi muhimmanci, katakon ya zama busasshe. Ɗanye zai rage nauyi bayan an sassaƙa, ba lalle su ragu daidai ba, kuma hunturu na shigowa zai tsage daga gindi. Kada a yarda a yanko daga tsakiyar gungume inda zuciyar itacen take, nan tsagewa ke farawa. Duka biyun a fitar da su daga katako ɗaya.

Ka duba wuyan kulkin sosai, wato inda mariƙi ya haɗu da jiki. Jijiyar katakon ta miƙe daga sama har ƙasa. In ta karkace ko akwai ido a wurin, a nan zai karye, kuma karyewarsa tana zuwa ne lokacin da yake cikin gudu.

Awon da za ka ba mai injin na ƙaramin kulki: kaurin mariƙi santimita 2.5 zuwa 3, dunƙulen ƙarshe kusan santimita 4 kuma a mulmule shi sumul, don a cikin tafin hannu yake juyawa. Wurin da ya fi kauri santimita 6 zuwa 7. A zana rabin siffar a kwali a yanke, da shi za a riƙa gwada duka biyun. Ka je da sikelin kicin. Bambancinsu kada ya wuce gram 20 ko 30. Wanda ya fi nauyi a rage shi a jiki, kada a taɓa mariƙi. Sannan ka ɗora kowane a kan yatsa ka ga inda yake tsayawa, ya kamata wurin ya zo ɗaya.

Kada a shafa wa mariƙi fenti mai sheƙi. Gumi na zuwa zai riƙa santsi, ko ya tayar maka da kanta. Samfefa mai laushi da ɗan mai sun isa, a goge ya bushe.

Na Magazin:
Ni ban ga laifin mai ɗaga ƙarfe ya fara da mil mai kilo 2 ba, in dai ɗaya zai riƙa ɗauka da hannu biyu tukuna. Amma a kan kulkin ƙarfe nake son jan kunne. A Suame, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, za a haɗa maka cikin yini ɗaya, sai dai haɗarin yana wurin walda. In an manna kai a bakin mariƙi kawai, wata rana zai fita. Mariƙin ya ratsa cikin kan har ƙasa, a yi walda sama da ƙasa. Bututun da aka cika da yashi, in bai cika dam ba, yashin yana zubowa gefe ɗaya tsakiyar juyi ya fizgi wuyan hannu. Kuma ƙarfe in ya bugi gwiwa ko ƙeya ba kamar katako ba ne, shi ya sa ba na ba mai koyo.

Mai Horo Asawase:
Na yarda da hannu biyu a kan mil ɗaya, yaya. In kuma ka nace sai na waje, Ɗan Aboabo, ka karanta tallar da kyau. Da yawa da fam suke rubuta nauyi, fam ɗaya gram 454 ne. Ka tambaya ko nauyin da aka rubuta na guda ne ko na biyun a haɗe, domin masu sayar da mil sukan rubuta na biyun, haka ma farashin. Kuɗin jigila da nauyi da girma ake lissafa shi, ga na kwastan, sau da yawa sukan fi kuɗin kayan. Wurin atisaye kuma, ka ɗaga hannu da kulkin ka tabbatar ba ya kai ga fanka ko silin, yara kuma su ba ka akalla mita 2 ta kowane gefe.