Ziyolait ɗin da ake haƙowa ya ƙi cire mini farar wuta, ina matsalar take?

Ɗan_Gwale: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a injiniyancin sinadarai. Malamina ya ba ni rabin kilo na kilinoftilolait, ziyolait (wato dutse mai ƙananan ramuka) ɗin da ake haƙowa a Turkiyya, ya ce in gwada shi a madadin alumina, sinadarin da matatun mai ke ɗora wa ƙarafa don cire farar wuta daga mai. Na wanke, na ɗora masa nikel da molibdinom, na gasa a digiri 500, na gwada a kan dibenzotayofin, wani sinadari mai farar wuta da ake samu a cikin mai. Sau uku ke nan, farar wutar da yake cirewa ko rabin ta alumina ba ta kai ba. Kuma wata biyu suka rage mini.

Baffa_Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba hannunka ba ne, dutsen ne. Ramukan kilinoftilolait ba su kai nanomita ɗaya ba (wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita), ƙwayar dibenzotayofin kuwa ta fi bakin ramin girma, sai ta tsaya a waje. Ka tara ƙarafanka a cikin ɗaki, baƙon ya kasa shigowa ta ƙofa. Shi ya sa har gobe matatun mai alumina suke ɗora wa kobal ko nikel da molibdinom, su tura haidurojin a zafin digiri 300 zuwa 400: ramukan alumina manya ne, faɗin fuskarta ya haura murabba'in mita 200 a giram guda. Ɗanyen dutsenka da wuya ya wuce 40. Ga fotasiyam da kalsiyam sun toshe hanya, ga yashi. Fara musanya su da amoniyam, ka gasa, sannan ka jiƙa shi a ruwan sodar sabulu mara ƙarfi ya zare silika, manyan ramuka su buɗe. Asid ma yana yi, amma idan ya yi ƙarfi ginin ne zai rushe. Na taɓa mai da samfur garin banza a haka, kwana biyu ina jin haushi.

Maman_Hanifa: Ni dai Baffa, da zai ji tawa, ya bar haidurojin. Wata biyu fa. Ya koma hanyar haidurojin feroksaid, zafi 60 zuwa 80, ba matsi, farar wutar ta haɗu da iskar oksijin ta zama salfon, ya tsame ta da metanol. A nan arahar dutsen take da amfani. Ba zai kai man Turai ba, su da tun 2009 kashi 10 cikin miliyan na farar wuta kawai suke yarda da shi a mai, amma zai samu abin rubutawa.

Ɗan_Gwale: Na gode Baffa, na gode Hajiya. To farar ƙasar Ƙanƙara fa? Na ji ana ziyolait da ita a Zariya.

Baffa_Injiniya: Wannan kawolin ne, wato farin yumɓu, dafa shi ake yi a haɗa wani nau'in da ake kira ziyolait Y, ba haƙo shi ake yi a gama ba. Ramukansa sun fi naka faɗi, amma wani aikin ne daban. Auna faɗin fuskar samfurinka kafin soda da bayanta, ka turo mana lambobin.